Gidan Burkutu a Kudancin Kaduna: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Duk wanda ya taɓa kutsawa lungunan bayan Sabon Tasha, ko Television, ko Unguwan Romi da hantsi, ya san wani ƙamshi mai tsami-tsami da ke tashi tare da hayaƙin itace. Idan ka bi shi za ka tarar da gida mai manyan tukwane a kan murhu, da bencina a ƙarƙashin rumfa, da ƙore a kife a kan tebur. Gidan burkutu ke nan. Yawancin masu karanta wannan ba su taɓa shiga ba, ba kuma za su shiga ba, domin Musulunci ya haramta giya ɗungurungum, coci-coci irin su ECWA da Baftis ma suna hana mabiyansu sha. Amma dawar da ake dafawa a can manomanmu ne suka noma ta, masu zama a bencinan maƙwabtanmu ne, wani lokaci ma mai keken da zai ɗauko 'ya'yanmu daga makaranta daga can ya taso. Saboda haka ya kamata mu san abin da ke cikin ƙwaryar.

A ƙasashen da ake noman inabi don yin giya, kamar yankin Bordo a Faransa, da kwarin Napa a Kalifoniya ta Amurka, da Stellenbosch kusa da Cape Town, ziyarar gidajen giya babbar harka ce ta yawon buɗe ido. Baƙo zai zagaya gona, a nuna masa gangunan katako inda giya ke kwana shekara ɗaya ko biyu, sannan a kai shi ɗakin ɗanɗano a zuba masa kaɗan-kaɗan daga kwalabe huɗu ko biyar. Har bokiti ake ajiyewa don mai son ya ɗanɗana ya tofar. A Afirka ta Kudu tun 1659 aka fara matse inabi, kuma gonar Groot Constantia da aka kafa a 1685 har yau tana karɓar baƙi. Mu ma a Jihar Kaduna ana noman inabi, a Kudan kusa da Zariya, amma na ci ne, ana sayar da shi ɗanye. Abin da ya fi kusa da wancan ɗakin ɗanɗano a nan shi ne rumfar mai burkutu.

Ɗanɗanon ma akwai shi. Mai saye zai zauna ya ce, “Mama, a ba ni ɗanɗano.” Sai ta motsa randa da ludayi ta ɗebo masa kaɗan a ƙoƙo, ba kuɗi. Idan ya yi masa, ya sa a auno masa. Idan bai yi ba, ya tashi ya nufi gida na gaba, ba wanda zai ce masa don me. Bambancin shi ne giyar inabi tana iya shekaru a kwalba, har a ce tsufa na ƙara mata daraja. Burkutu kuwa abu ne mai rai: yana kumfa a cikin ƙwarya ana sha, kuma bayan kwana biyu ko uku ya yi tsamin da ba mai saye. Shi ya sa inda ake dafa shi nan ake shansa, shi ya sa kuma mata masu sana'ar a unguwa ɗaya sukan raba kwanaki, yau na wannan gida gobe na wancan, don kada kowa ya kwana da kaya.

Aikin kusan na mako guda ne, kuma kusan duka mata ke yin sa. Ana jiƙa dawa, galibi ja, ta kwana a ruwa. A tsame ta a shimfiɗa a ƙasa ko a kan buhuna, a rufe da ganye, ana yayyafa ruwa safe da yamma har kwana uku zuwa biyar, sai ta yi tsiro. A shanya a rana, a kai injin niƙa. Dalilin tsirar da ita shi ne ƙwayar hatsi idan ta fara tsiro tana fitar da wasu sinadarai masu mayar da garin cikinta sukari, don ta ciyar da ɗan tsiron. Mai burkutu wannan sukarin take nema.

Daga nan ne gwanintar take. Garin dawa ba ya narkewa sai ya ji wuta sosai, alhali wuta mai yawa tana kashe sinadaran da ake buƙata. To, ya za a yi? Sai matar ta dama garin da ruwa ta bar shi ya kwanta, ta tsiyaye ruwan saman ta ajiye gefe, ta dafa mai kaurin da ya kwanta shi kaɗai. Idan ya dahu sai ta mayar da ruwan da ta ajiye. Ta haka garin ya narke, sinadaran kuma ba su mutu ba. Ba a makaranta ta koyi wannan ba, wurin uwarta ko kakarta ta gani. Bayan haka a bar shi ya kwana ya yi tsami, a sake tafasawa na sa'o'i, a bar shi ya huce, sannan a zuba ɗan ragowar tsohon burkutu wanda ke ɗauke da yis. Kwana ɗaya ko biyu yis ya cinye sukarin ya mayar da shi barasa. Dusar da ta rage ba ta zuwa bola, masu kiwon alade ke saye.

Abin sha'awa shi ne manyan kamfanoni ma sun sha fama da wannan matsala ta dawa. Kamfanin Nigerian Breweries ya buɗe masana'antarsa a Kakuri a 1963, a unguwar da masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki tun 1957. Shekara da shekaru da tsiron sha'ir na ƙasashen waje ake yin giyar kwalba. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da shi, dole kamfanoni suka koma ga dawa da masara, suka dogara ga irin dawar da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta inganta, musamman wata gajeriyar kaura. Injiniyoyi sun zauna sun warware da na'ura abin da matan Bajju da Atyap da Ham da Adara da Gbagyi suka daɗe da warwarewa da tukunya da ludayi. Har yanzu masu giya da masu lemon malt suna cikin manyan masu sayen dawar Arewa, ko manomi ya sani ko bai sani ba.

Akwai darasi a nan ga gidan da ba a shan giya. Wasu masu kunun zaƙi ma suna sa tsiron hatsi don ya yi zaƙi, kuma yis yana nan a iska da jikin mazubi. Kunun da aka bari a jarka cikin zafi har ya fara kumfa yana kumbura roba, ya kama hanyar zama wani abu dabam. Tun da can malaman fiƙihu sun yi bayani a kan tsimin dabino da zabibi: ana sha muddin bai kai ga sa maye ba. Uwargida mai sayar da kunu ko zoɓo ta kula da wannan, musamman a watannin Maris da Afrilu.

Me ya sa gidajen burkutu suka fi yawa a kudancin kogin Kaduna? A ƙauyukan kudancin jihar, da ma tsakanin Maguzawa, burkutu abin gayya ne da biki da makoki. Mai gona ya dafa, jama'a su taya shi noma. Da Kaduna ta zama hedikwatar Arewa a 1917, sojoji da ma'aikatan jirgin ƙasa, daga baya kuma ma'aikatan masaƙu, suka zo da al'adarsu. Turawan mulkin mallaka sun hana sayar wa 'yan ƙasa barasa mai ƙarfi ta ƙasashen waje a Arewa, don haka na gida ya samu kasuwa. Sai kuma rikicin shekarar 2000 da na 2002, waɗanda suka raba garin: Musulmi suka fi komawa arewacin kogi, Kirista kudanci, mashaya ma suka bi. Da masaƙu suka durƙushe, Kaduna Textiles a 2002, UNTL a 2007, gidaje da yawa a Kakuri da Nasarawa sun rasa albashi, mata suka ɗauki nauyin gida da ƙananan sana'o'i. Akwai masu digiri a garin nan da tukunyar burkutu ta biya musu kuɗin makaranta. Ni dai ba na iya raina irin wannan uwa, ko da ba zan sha abin da take sayarwa ba.

Amma girmama ta ba zai sa in ɓoye haɗarin ba. Barasar da ke cikin burkutu takan kai kashi 3 zuwa 6 cikin 100, kusan daidai da giyar kwalba, giyar inabi kuwa 12 zuwa 14. Sai mutum ya ce ai mai sauƙi ne, ai abinci ne, tunda yana da kauri yana cika ciki. Matsalar ita ce ba da ƙaramin kofi ake shansa ba. Wanda ya zauna tun hantsi yana ɗaga ƙwarya har la'asar ya zuba wa hantarsa barasa mai yawa, kuma hanta ba ta tambayar daga dawa ta fito ko daga inabi. Ga mai ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a ƙasar nan kuma da yawa ba su san suna da shi ba, ƙarin barasa yana gaggauta lalacewarta. Dawar da ta yi fumfuna tana iya ɗauke da dafin da tafasawa ba ta kashewa. Dafawa a tsohon duro na ƙarfe tana sa tsamin burkutu ya ci ƙarfen, kuma likitoci a kudancin Afirka sun daɗe da gano cewa irin wannan yana tara ƙarfe a hantar mashaya. Idan kuma duron na mai ne ko na maganin feshi a da, to abin ya fi haka muni.

Mace mai ciki kada ta kusance shi ko kaɗan. A yankin inabi na Afirka ta Kudu an daɗe ana biyan leburorin gona wani ɓangare na ladansu da giya, kuma har yau yankin yana cikin wuraren da aka fi haihuwar yara masu tawayar ƙwaƙwalwa saboda shan uwa. Maganar da ake yi cewa burkutu yana kawo ruwan nono ma a bar ta: barasar tana bin nonon zuwa cikin jariri. Kunun gyaɗa ya wadatar.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da ake ƙarawa. Matasa da yawa yanzu ba sa jin burkutu shi kaɗai, sai sun tsiyaya ogogoro ko goskolo ko barasar leda a ciki, wasu har da ƙwayar tiramadol. Barasar leda tana kai kashi 30 zuwa 40 cikin 100, ga ta da arha, ga ta tana shiga aljihun ɗan makaranta. Dalilin da ya sa hukumar NAFDAC ta tashi hana ta ke nan tun farkon 2024. Wadda ake haɗawa a ɓoye kuwa tana iya zuwa da wani dafi mai suna metanol, wanda ba a gane shi da ido ko da harshe. A 2015 ya kashe mutane da dama a Ode-Irele ta Jihar Ondo, bayan 'yan watanni ya sake kashe wasu a Jihar Ribas. Mugun halinsa shi ne jinkiri: mutum ya sha yau ya kwana lafiya, gobe ya tashi da ciwon kai da amai da ciwon ciki, numfashi na sauri, ido na ganin hazo. Duk wanda ya ga haka ga ɗan'uwansa kada ya tsaya ba shi manja ko madara, kada ya ce a bar shi ya yi barci. A garzaya da shi asibiti, na Gwamna Awan ko na Saint Gerard duk suna nan Kakuri, a kuma faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha, a tafi da ragowar idan akwai. Jinkirin rabin yini yana iya cinye idon mutum.

A ƙasashen da ake noman inabi, masu zagayen ɗanɗano sukan ɗauki hayar mota da direban da ba zai sha ba. A nan, mutum ya tashi daga benci ya hau babur ya faɗa hanyar Kachiya ko ta Abuja wajen Gonin Gora, inda tireloli ke wucewa dare da rana. Fasinja yana da ikon ya sauka idan ya ji warin giya a bakin mai tuƙi, mai gidan burkutu ma tana da ikon ta ce, “Ɗana, ya isa haka, bar mashin ɗin nan ka dawo gobe.” Da yawansu suna faɗa, kuma ana jin maganarsu.

Wanda kuma ya kai matsayin da hannunsa ke rawa da safe sai ya sha, ciwo ne ya kama shi, zagi da gori ba sa warkar da shi. Kada a kulle shi a ɗaki a ce ya daina dare ɗaya, domin yanke sha farat ɗaya ga wanda ya daɗe a ciki yana iya kawo farfaɗiya da gane-gane, har da mutuwa. Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Barnawa yana da sashen masu fama da shaye-shaye, inda ake janye mutum a hankali da magani a gaban likita. A raka shi da wani na gida wanda yake jin nauyinsa, a kuma nemi a duba masa hanta tun a zuwan farko.