Ledar Rogo Mai Canza Launi: Gaskiya da Ƙarin Gishiri

Ledar da ake ƙulla koko, tuwo da alale a Babban Giji, Gyaɗi-Gyaɗi da kasuwar Tarauni da ke Kano daga sinadaran man fetur ake yin ta, kuma ba ta ruɓewa. Ita ce ke toshe kwatoci da damina, ita mahauta ke cirowa a dunƙule daga tumbin awaki da shanu. Don maganin wannan aka ƙirƙiro ledar sitaci, wadda ake yi da rogo, masara ko dankali. Sai dai labarinta da ke yawo a wayoyi ya sha gishiri.

Cewa ana yin leda da rogo gaskiya ne. Ana dama sitaci a kan wuta har ya yi kauri, a zuba masa gilisarin don kada ya karye in ya bushe, sannan a shimfiɗa shi shara-shara. Nijeriya kuwa ita ce kan gaba a duniya wajen noman rogo, tana samar da wajen tan miliyan 60 a shekara. Matsalar ita ce sitaci ba ya shiri da ruwa. Kowane mai wanki da guga ya san yadda shaddar da ta sha sitaci ke yin laƙwas da zarar yayyafi ya taɓa ta. Ledar zallan sitaci ba za ta riƙe koko mai zafi ba, balle a dafa alale a cikinta. Shi ya sa kamfanoni ke gauraya sitacin da wasu sinadarai irin su PBAT, wanda shi ma ɗan fetur ne, ko da yake yana ruɓewa.

Zancen cewa ana cin ta ya samo asali daga bidiyon Kevin Kumala na kamfanin Avani da ke Bali a Indonesiya, inda ya narkar da guntun ledar rogo a ruwa ya shanye. Wannan ya shafi samfurinsa kaɗai. Wadda aka gauraya ba abinci ba ce, ga mutum ko ga dabba.

Ƙarin gishirin ya fi yawa a batun ruɓewa, inda ake cewa in an yar da ita a bola kwana kaɗan ta zama ƙasa. Ƙa'idar Turai ta tanadi kashi 90 cikin ɗari ya ruɓe a wata shida, kuma a masana'antar mayar da shara taki mai danshi da zafin kusan digiri 58 ake cimma haka. Juji a lokacin hunturun Kano, busasshe ƙayau, bai kama ƙafar wannan ba. A 2019 masu bincike a Jami'ar Plymouth da ke Ingila sun nuna cewa wasu ledojin da aka rubuta musu suna ruɓewa sun yi shekara 3 a binne, aka tono su suna iya ɗaukar kayan cefane. Akwai kuma wadda ake kira okzo, ledar fetur ce da aka sa wa sinadarin da ke farfasa ta ta koma ɓurɓushi. Tarayyar Turai ta haramta ta tun 2021. Koren launi ko hoton ganye a jikin leda ba shaida ba ne.

Canza launin da ledar ke yi idan abinci ya lalace kuwa ba siddabaru ba ne. Furen soɓorodo, wanda ake lodinsa daga kasuwar Dawanau har Meziko, yana ɗauke da launin da ke sauyawa gwargwadon tsami. Uwargidan da ta taɓa jefa kanwa a zoɓo ta ga yadda jan ke komawa duhu. In aka cuɗa wannan launi a ledar sitaci aka rufe nama ko kifi, tururin amoniya da ke tashi idan ya fara lalacewa yakan sauya launin ledar. Kurkur ma yana yin haka, daga rawaya zuwa ja-ja.

Kuskuren shi ne ɗaukar cewa muddin launi bai sauya ba abincin lafiya lau yake. Ƙwayoyin taifot da na kwalara na iya zama a abinci ba tare da wari ko sauyin tsami ba, ledar kuma ba ta ganin su. Launin zoɓon kansa yana kodewa a rana da zafi, alhali Kano kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Yawancin irin wannan leda har yanzu a ɗakunan gwaji na jami'o'i take, ledar sitaci ma da ba ta canza launi ta fi ta fetur tsada. Ga mai tuwo ko mai koko a Tarauni, kwanon sha da kula mai murfi da ake wankewa a sake amfani da su sun fi kowace leda sauƙi da aminci.