Yadda Ake Ƙoƙarin Mayar Da Shahon Aplomado Filayen Da Ya Ɓace A Amurka

A shekarar 1952 aka ga sheƙa ta ƙarshe ta shahon da ake kira Aplomado a jihar New Mexico ta Amurka. Daga nan aka shafe shekaru sama da 40 ba a sake samun labarin ya yi ƙwai a ƙasar ba, duk da cewa a da yana yawo a filayen ciyawa na Texas da New Mexico da Arizona.

Aplomado shaho ne siriri mai doguwar jela, bayansa ruwan toka, da baƙin zane da ya ratsa cikinsa. Abincinsa ƙananan tsuntsaye ne da manyan ƙwari irin su fara, kuma sau da yawa miji da mata ke fita farauta tare: ɗaya ya tayar da tsuntsu daga maɓoyarsa, ɗayan ya cafke shi a sama. Irin wannan farauta ba ta yiwuwa sai a sarari mai ciyawa da bishiyoyi jefi-jefi.

Wannan sararin ne ya fara salwanta. Kiwo fiye da kima ya cinye ciyawa, hana wutar daji kuma ya bai wa wata bishiya mai ƙaya da ake kira mesquite, wadda dangin kirya ce, damar mamaye filayen har suka zama sarƙaƙiya. An kuma mayar da wasu filayen gonaki, sannan maganin ƙwari na DDT ya sa ɓawon ƙwan tsuntsayen farauta ya yi laushi. A 1986 gwamnatin Amurka ta sanya shi cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

Ƙungiyar Peregrine Fund ce ta ɗauki nauyin dawo da shi. Ta samo 'ya'yan shahon daga kudancin Meziko, inda jinsin bai ƙare ba, ta riƙa kiwata su suna hayayyafa a cibiyarta da ke birnin Boise na jihar Idaho. Daga 1993 aka fara sakin su da yawa a gaɓar tekun kudancin Texas, musamman a gandun dajin Laguna Atascosa da tsibirin Matagorda.

Sakin yana da tsari. Ana sanya 'ya'yan cikin akwati a saman hasumiya kafin su iya tashi, ana ba su abinci. Bayan kwanaki sai a buɗe akwatin, amma a ci gaba da ajiye musu abinci na tsawon makonni, har su ƙware da farauta. A 1995 aka sami sakamakon farko, inda wasu biyu suka yi sheƙa a kan turken wutar lantarki kusa da birnin Brownsville.

Sai dai an gamu da matsala. Aplomado ba ya gina sheƙa da kansa, tsohuwar sheƙar hankaka ko ta wasu tsuntsayen yake shiga, kuma babbar mujiyar da ke fakewa cikin sarƙaƙiya tana kashe shi da dare. Don haka masana suka ƙera sheƙu na katako a kan turaku, masu sanduna a jere, ta yadda shahon zai shige amma mujiya ba za ta iya ba.

Akwai kuma batun masu filaye, domin mafi yawan ƙasar Texas mallakin ɗaiɗaikun mutane ce. Masu garken shanu sun ji tsoron kada zuwan tsuntsun ya jawo doka ta takura musu. Sai aka ƙulla yarjejeniyar da ta ba su tabbacin cewa karɓar shahon ba zai ƙara musu wani takunkumi ba, lamarin da ya buɗe filaye masu faɗi.

Ba ko'ina aka yi nasara ba. An saki ɗaruruwan shahuna a yammacin Texas daga 2002, da New Mexico daga 2006, amma fari ya rage tsuntsayen da suke ci, kuma ba su kafu ba, har aka dakatar da shirin a can. A gaɓar teku ma, guguwar Harvey ta 2017 ta hallaka wasu tare da lalata sheƙu.

Burin hukumomi shi ne a sami ma'aurata 60 masu hayayyafa da kansu kafin a sassauta matsayin barazanar, kuma har yanzu ba a kai ga haka ba. Wannan ya sa aikin ya koma kan ƙasar kanta: sare sarƙaƙiya, ƙona ciyawa bisa tsari, da kula da sheƙu. Abin da shekarun suka nuna shi ne, ƙyanƙyashe shaho a cibiya ya fi sauƙi a kan samar masa filin da zai zauna, kuma inda ciyawa da abin farauta ba su dawo ba, shi ma bai zauna ba.