Carar Zakara da Haƙƙin Maƙwabci

Wanda duk ya taɓa kwana a Boyekai, ta ƙasar Goronyo, a tsakiyar hunturu, sa'ad da sanyin fadamar Rima ke ratsa bargo har ya kai ga ƙashi, ya san cewa tun ladan bai taɓa buta ba, tun taurari suna nan daram a sama, akwai zakara guda da zai tsaga shirun dare daga can wani lungu, na gidan kusa ya amsa masa, na gaba ya karɓa, har carar ta zagaye gari kamar ana miƙa saƙo hannu da hannu. Mutanen dā ba su ɗauki wannan abin kai ƙara ba. A zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake zaune a ribaɗinsa na Wurno, inda ya rasu a 1837, agogon talaka tauraro ne da zakara. Kuma malamai sun karantar da mu cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana zagin zakara sabili da yana tayar da mutane salla, kamar yadda ya inganta cewa shi kansa yakan tashi ƙiyamullaili idan ya ji cara.

To, zakara yana nan a kan ɗabi'arsa, amma zamanmu ya sāke. Gidan da a da yake da fili har da rumbuna da turken jaki, yau gado ya raba shi huɗu, an ja katangar bulo, an buɗe taga tana duban gidan wani. Lasifika da wayar hannu sun karɓe aikin tada mutane. Sa'an nan ga direban motar albasa da ya iso gida ƙarfe biyu na dare, ga mai gadi, ga majinyaci, waɗanda asubar manomi ita ce farkon barcinsu.

Na ga irin wannan mas'ala da idona a gidan wani baffana a Wurno. Wata rana bayan la'asar maƙwabcinsa, yaro ne matashi, ya yi sallama a zaure, ya durƙusa, ya yi gaisuwa mai tsawo har da tambayar gona da ruwa, ya yi ta murza hularsa a hannu, kana ya ce, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, wata 'yar magana ce. Inna ba ta samun barci sai goshin asuba, ga shi likita ya ce jininta ya hau." Bai ambaci zakara ba, kuma bai buƙaci ya ambata ba, domin kowa ya san zakarun gidan nan huɗu a kan reshen darbejiya suke kwana, reshen kuwa ya tsallaka katanga ya tsaya daidai tagar tsohuwa. Baffa ya ce ya ji, Allah ya ba ta lafiya. Sai dai kajin ba nasa ba ne, na matarsa Gwaggo ne, kamar yadda yake a galibin gidajenmu, su ne asusunta na biki da suna da kuɗin magani, kuma miji ba ya taɓa dukiyar matarsa sai da yardarta.

Abin da Gwaggo ta fara cewa shi ne a riƙa korarsu har su daina. Nan ne ilimin zamani yake da abin faɗa. A shekarar 2013 wasu masana biyu na Jami'ar Nagoya ta ƙasar Japan, Shimmura da Yoshimura, suka bayyana sakamakon wani bincike wanda a cikinsa suka ajiye zakaru a ɗaki mai haske dishi-dishi, ba dare ba rana, don su gani ko ketowar alfijir ce ke sa cara. Sai ga zakarun suna cara a kan lokaci, kowace rana, da tazarar abin da bai cika sa'a 24 ba da kaɗan. Waɗanda kuma aka riƙa kunna musu fitila a kan ƙa'ida, suka riƙa riga fitilar da kimanin sa'a biyu. Ma'ana, Mahalicci ya dasa wa wannan tsuntsu agogo a cikin jikinsa, ba duka ko tsawa da za su kwance shi. Haske da carar wani zakara suna zuga shi ƙwarai, musamman gab da asuba, shi ya sa ƙwan sola da aka bari a kunne a tsakar gida, ko fitilar babur da ta haska katanga, kan jawo cara ba a kan kari ba. Bayan shekara biyu suka ƙara gano cewa a cikin garke babban zakara ne ke buɗe baki, na ƙasa da shi su biyo baya bisa daraja, kamar fadawa a gaban sarki. Ashe mai zakara huɗu fada guda ya ajiye, wadda kowa a cikinta sai ya yi nasa jawabi.

Ƙarfin muryar ma ba abin rainawa ba ne. Masana a Jami'ar Antwerp ta Beljiyam sun auna ta a daidai kunnen zakara suka tarar takan kai 130 a ma'aunin ƙara da ake kira desibel, abin da zai iya lahanta jin ɗan Adam. Shi kuwa zakara an kāre shi, domin idan ya wage baki ramin kunnensa yakan tsuke. Amma ƙara tana raguwa da desibel 6 duk sa'ad da aka ninka nisa, saboda haka tsakanin zakaran da ke taku ɗaya daga taga da wanda ke taku goma sha shida akwai bambanci mai girma, balle in an sa bango a tsakani.

Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan babi a buɗe ba. Almajirin da ya sauke Risala ya wuce ta inda aka hana mutum aikata abin da zai cuci maƙwabcinsa, kamar buɗe taga mai leƙa gidansa. Alƙalai kuma sun san faslin cutarwa a cikin Tuhfa ta Ibn Asim. Sun bambanta cutar da aka tarar da wadda aka farar, kamar yadda suka bambanta ƙaramar damuwa wadda zaman tare ba ya rabuwa da ita da babbar cuta mai dawwama. A nawa ganin, wanda ya gina ɗaki a ƙauye ya ce ba ya son jin cara daidai yake da wanda ya sauka a bakin gulbi yana ƙorafin kwaɗi. Ko a Faransa, inda wasu da suka sayi gidan hutu a tsibirin Oleron suka kai ƙarar wani zakara mai suna Maurice, kotu ta ba mai zakara gaskiya a 2019, har majalisa ta yi doka a 2021 mai kāre sautuka da ƙamshi da warin karkara. Amma zakara huɗu a kan tagar majinyaciya wani hukunci ne daban, ba kuwa sai an je gaban alƙali kafin mai hankali ya gane haka ba.

Maganin bai wuce abin da kakanninmu suka sani ba. Kaza tana yin ƙwai ko ba zakara, amfaninsa shi ne ƙwan ya ƙyanƙyashe, kuma guda ɗaya ya wadaci kaji kamar goma. Ragowar tsaba kawai suke ci, suna faɗa. Akurki mai duhu, mai ƙofar da ake toshewa da magariba, yana tare haske, yana danne ƙara, yana kuma tsare kaji daga muzuru. Idan rufinsa bai cika tsawo ba, zakara ba ya samun miƙe wuya yadda yake so, sai carar ta fito a taƙaice. Sai dai a bar masa kafar shan iska, domin zafin bazarar ƙasar Sakkwato yana iya kashe kaza a rufe, kuma dabba ma tana da haƙƙi a kan mai ita. Ɗaure masa wuya da zare, wanda na ji wasu na yi, azabtarwa ce, ban ga halaccinta ba.

Kwana uku Gwaggo tana shawara da zuciyarta. Ran na huɗu ta ba wani yaro zakara biyu ya kai kasuwar Achida, ta sa aka gyara tsohon akurkin da ke bayan rumbu, can ƙarshen gida, na ukun kuwa, wani ja mai dogon zanko wanda ta fi so, ta ce sabo da kaza ba ya hana yanka. Aka yi farfesunsa da citta da masoro, ta rufe a kwano ta aika wa tsohuwa. Bayan mako guda sai ga jikar tsohuwar ta dawo da kwanon, da goro biyar a ciki, ta ce Inna tana gaisuwa, tana kuma tambaya ko zakaran da ya rage lafiya yake, don kwana biyu ba ta ji shi ba.