Wace jami'a ce ta dace da 'yar wasan tanis daga Yamai?

A gasar tanis ta jami'o'in Amurka, 'yan wasa shida kowace makaranta ke fitarwa a karon ɗaiɗai, sai karo uku na bibbiyu. Ta bakwai da ta takwas galibi a gefen fili suke wuni, suna yi wa 'yan uwansu tafi. Iyayen da 'yarsu ke buga tanis a Yamai, suke kuma fatan wasan ya kai ta karatu waje, da wannan lissafi ya kamata su fara tun kafin su tambayi sunan jami'a.

Danielle Collins ta ɗanɗana wannan. Ba'amurkiya ce, ta shiga Jami'ar Florida mai dogon tarihi a tanis ɗin mata, amma a shekararta ta farko ba ta samu wasa yadda take so ba. Ta tattara kayanta ta koma Jami'ar Virginia. A can ta lashe kambun ɗaiɗai na jami'o'in ƙasar sau biyu, a 2014 da 2016, kuma a 2022 ta kai wasan ƙarshe na Australian Open. Idan haka ta samu 'yar gida, ina ga baƙuwar da ta taso daga bakin kogin Kwara? Stanford ta ci kofin mata sau 20, amma wadda za ta shekara huɗu a benci a Stanford gara mata makarantar da ba a san sunanta ba, inda za ta riƙa buga lamba ta uku ko ta huɗu kowane mako.

Abin da ya sa ake maganar Amurka shi ne can ne jami'a ke biya wa ɗaliba karatu saboda raket ɗin da ke hannunta. A Jami'ar Abdou Moumouni da ke Harobanda, hayin gadar Kennedy, jarrabawar bak ce ke shigar da mutum. Ƙarfin sabis ba ya cikin lissafi. A Amurka kuwa akwai dokar Title IX ta 1972, wadda ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati fifita maza a kan mata. Da yake ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ta daɗe tana cinye wa manyan jami'o'i gurbin tallafi har 85 na maza zalla, dole aka nemi inda za a cike wa mata. Tanis ya ci gajiyar haka: shekara da shekaru hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA, wadda ta kasa makarantu rukuni uku, na yarda ƙungiyar mata ta rukuni na ɗaya ta ba da cikakken tallafi takwas, ta maza kuwa huɗu da rabi. A 2025 tsarin ya sauya ga jami'o'in da suka shiga sabuwar yarjejeniya, aka koma ƙayyade yawan 'yan ƙungiya zuwa goma, kowace makaranta ta biya wa waɗanda aljihunta zai ɗauka. Fiye da rabin 'yan tanis mata na wannan rukuni baƙi ne daga wasu ƙasashe.

Rukunan sun bambanta, kuma nan ne dillalan neman gurbi ke rikita iyaye. Rukuni na biyu yakan gutsura tallafin ya raba, wata ta samu rabi, wata kwata. Rukuni na uku ba ya ba da ko sisi don wasa, haka ma jami'o'in Ivy League irin su Harvard da Yale, duk da cewa suna rukuni na ɗaya. Nasu taimakon yana bin ƙarfin iyaye ne. Akwai kuma ƙananan kwalejojin shekara biyu, waɗanda suka fi sauƙin shiga, daga nan ɗaliba ta haura. Wasu jami'o'in masu zaman kansu kuɗinsu ya haura dala 80,000 a shekara, sama da sefa miliyan 40, don haka jin "an ba ta rabi" bai isa a yi guɗa ba sai an san wanda zai biya ragowar.

'Yan Afirka biyu sun nuna hanyar tana ɓullewa. Mayar Sherif ta Masar ta fara a Fresno State, ta koma Pepperdine a jihar Kalifoniya, ta kai wasan kusa da na ƙarshe na gasar jami'o'i a 2018, ta kuma fito da digirinta. A 2022 ta lashe gasar Parma, mace ta farko daga Masar da ta ci kofin gasar ƙwararrun mata ta WTA, a 2023 ta kai matsayi na 31 a duniya. Angella Okutoyi ta Kenya ta ci kofin bibbiyu na 'yan mata a Wimbledon a 2022, Jami'ar Auburn ta ɗauke ta, tana ɗaliba ta ciwo zinare a Wasannin Afirka na Accra a 2024. Dukansu da sakamako a rubuce suka isa hannun masu horarwa.

Nan ne matsalar 'yar Yamai take. Mai horarwa a Amurka ba zai zo ya kalle ta ba. Zai buɗe kwamfuta ya duba makinta na UTR, ma'aunin da ke tashi daga 1 zuwa 16.5 gwargwadon waɗanda ta kara da su, sannan ya nemi bidiyon wasa cikakke, ba tsintar wuraren da ta burge ba. Yarinyar da ke doke kowa a unguwarsu amma ba ta taɓa buga gasar matasa ta hukumar tanis ta duniya, ITF, ba, a idonsa ba ta da tarihi. Filayen tanis a Yamai ba su da yawa, abokan karawa mata sun fi filayen ƙaranci, don haka sai an yi tattaki zuwa gasannin ƙasashen maƙwabta. Ga kuma Ingilishi: takardun lise da na bak sai an fassara su daga Faransanci an miƙa wa cibiyar tantancewa ta NCAA, yawancin jami'o'i kuma suna neman jarrabawa irin TOEFL. An daɗe kuma da wata ƙa'ida a rukuni na ɗaya: wadda ta wuce wata shida da gama sakandare tana ci gaba da buga gasa ba ta shiga jami'a ba, ana zaftare mata shekarun wasa.

Idan tayi ya zo, akwai tambayoyin da ba a jin kunyar yi. Tallafin na shekara ɗaya ne da ake sabuntawa, ko na huɗu? Idan gwiwa ta goce fa? Tsofaffin 'yan ƙungiyar nawa suka gama digiri, kuma atisaye zai bar ta ta karanta fannin da take so? Ƙungiyar kanta tana iya rushewa, kamar yadda Jami'ar Akron ta soke tanis ɗin mata a 2020 da korona ta taɓa asusunta. Kakar wasa daga Janairu zuwa Mayu take, a jihohin arewa cikin rufaffen zaure ake bugawa saboda ƙanƙara, abin da wadda ta saba da zafin Afrilun Yamai za ta sha mamakinsa. A 'yan shekarun nan azumi ma cikin kakar yake faɗowa, to yana da kyau a ji ta bakin mai horarwa kan sahur, sutura da abincin halal tun ba a sa hannu ba.

Sai dai a yanzu ƙofar a rufe take. A Disambar 2025 gwamnatin Amurka ta saka Nijar cikin ƙasashen da ta dakatar da bai wa 'ya'yansu biza, har da ta karatu. Muddin dokar tana aiki, takardar jami'a ba za ta hau da kowa jirgi ba, duk dillalin da ya ce a kawo kuɗi ya san wata hanya kuwa a yi hattara da shi. 'Yar shekara 13 ko 14 tana da sauran lokaci, kuma makin UTR da Ingilishin da ta tara ba za su lalace ba. Wadda ta kusa bak za ta fi amfana da duban arewacin Afirka, inda gasannin ITF suka fi yawa, musamman Tunisiya da Masar da Maroko. Ons Jabeur, wadda ta kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 2022 da 2023, ba ta bi ta jami'ar Amurka ba. A makarantar 'yan wasa ta El Menzah da ke Tunis ta haɗa karatu da atisaye.