Tara Tsofaffin Takardun Hannun Jari na Kamfanonin Tangaraho da Tarho

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da suka ɗora wa kansu sha'awar tara tsofaffin takardun hannun jari, kamar yadda wasu ke tara kan sarki ko tsofaffin kwabbai. Abin da ake nufi da takardar hannun jari shi ne shaidar da kamfani yake bai wa wanda ya zuba kuɗinsa a ciki, mai ɗauke da sunansa, da yawan kason da ya mallaka, da ranar da ya saya, da kuma sa hannun shugabannin kamfanin. Idan kamfani ya mutu, ko wani ya haɗiye shi, sai takardar ta zama ba ta da sauran amfani a kasuwa. To, daga nan ne kuwa masu wannan sha'awa suke fara neman ta. Sun ba wa al'adar tasu suna sikirifofili, kalmar da aka ƙirƙira a Ingila a 1978, wato shekarar da aka kafa ƙungiyarsu ta farko a birnin Landan. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana wani reshe guda na wannan al'ada, watau tara takardun kamfanonin farko na wayar tangaraho da wayar tarho, da dalilin da ya sa wata takarda take yin daraja wata kuma ba ta yi.

Kalmomin tangaraho da tarho, har da waya ita kanta, aro ne daga Ingilishi, sun shigo Hausa tare da abin da suke nufi a zamanin mulkin mallaka. Abin da bai shigo tare da su ba shi ne labarin kuɗin da aka zuba kafin waya ta yi magana. Wannan labari kuwa a jikin takardun nan yake.

Kamfanonin tangaraho

Samuel Morse ya aika saƙonsa na farko daga Washinton zuwa Baltimo ran 24 ga Mayu, 1844, da kuɗin da majalisar Amurka ta ba shi. Da gwamnati ta ƙi ci gaba da ɗaukar nauyin aikin, sai shi da abokansa suka kafa Magnetic Telegraph Company a 1845. A Ingila kuma aka kafa Electric Telegraph Company a 1846. Kafin a jima ƙananan kamfanoni sun cika Amurka, kowanne da layinsa, kowanne da takardarsa, akasarinsu kuma ba su yi tsawon rai ba. Wanda ya cinye sauran shi ne wani kamfani da aka kafa a garin Rochester a 1851, aka sake masa suna Western Union a 1856. Shi ne ya haɗa gabas da yammacin Amurka da waya a watan Oktoba, 1861. Ɗaya daga cikin manyan masu hannun jarinsa, Ezra Cornell, da dukiyar da ya samu a nan ya kafa jami'ar da take ɗauke da sunansa a 1865. Saboda haka takardar ɗan ƙaramin kamfanin da Western Union ya haɗiye sau da yawa takan fi ta Western Union ɗin kansa wuyar samu, domin kaɗan aka buga, kaɗan kuma suka tsira.

Amma takardun da suka fi ɗaukar hankali su ne na masu shimfiɗa waya a ƙarƙashin teku, domin babu inda aka yi kasada da kuɗi kamar nan. A 1856 Cyrus Field, wani attajirin Amurka da ya yi arzikinsa a cinikin takarda, ya haɗa kai da waɗansu Ingilishi suka kafa Atlantic Telegraph Company. Jarin kamfanin fam 350,000 ne, aka kasa shi kashi 350, kowane kashi fam 1,000. Fam dubu a wancan zamani ya zarce abin da lebura zai samu a shekara goma, don haka ba talaka a cikin masu saye. Bayan wayar ta tsinke musu a teku fiye da sau ɗaya, a watan Agusta, 1858 suka samu ta haɗa tsibirin Balenshiya na ƙasar Ayalan da Niyufanlan. Sarauniya Biktoriya ta aika wa Shugaba Buchanan gaisuwa ta kalmomi 98, saƙon ya shafe kimanin awa 16 kafin ya gama isa. Aka yi ta shagali a birnin Niyu Yok. Kamfanin Tiffany ma ya sayi ragowar wayar ya yayyanka ta gutsure-gutsure yana sayarwa a matsayin abin tunawa. Cikin mako uku wayar ta yi shiru, bayan da mai kula da lantarkin kamfanin, Wildman Whitehouse, ya tura mata wuta mai ƙarfin da ya wuce kima. Darajar hannun jarin ta faɗi warwas. Sai a 1866, da katafaren jirgin ruwa Great Eastern da kuma sabon jari na Anglo-American Telegraph Company, aka samu wayar da ta ɗore.

Wanda ya riƙe takardar wannan kamfani ta 1856 ko 1857, to, yana riƙe da shaidar mutumin da ya jira shekara goma bai san ko kuɗinsa zai dawo ba. Tun da ainihin kason 350 ne kacal, ba abin mamaki ba ne a ce samun irinta sai an tona.

A nan ne labarin ya taɓa Nijeriya. Bayan gwamnatin Ingila ta karɓe tangarahon cikin gida ta damƙa wa gidan waya a 1870, kuɗin diyyar da aka biya masu hannun jari da yawa ya koma neman riba a wayoyin teku. John Pender, wani ɗan kasuwar masaƙa na Mancista, ya kafa Eastern Telegraph Company a 1872, ya yi ta haifar da 'ya'yan kamfanoni. Ɗaya daga cikinsu shi ne African Direct Telegraph Company na 1885, wanda wayarsa ta bi gaɓar Afirka ta Yamma ta iso Ikko a 1886. Daga zuriyar waɗannan kamfanoni aka samu Cable and Wireless a 1934, wanda ya riƙe sadarwar Nijeriya da ƙasashen waje har bayan samun mulkin kai. Wayar cikin ƙasa kuwa, wadda ta bi ta Jebba da Lakwaja da Zungeru har ta iso Kano, gwamnatin mulkin mallaka ce ta kafa ta domin sojojinta da razdanoninta. Ba kamfani ba ne, saboda haka ba ta bar takardar hannun jari ba. Mai binciken tarihi da yake son sanin su wa suka ci ribar saƙonnin da suka fita daga Ikko, a Landan zai nemi sunayensu.

Kamfanonin tarho

Alexander Graham Bell ya samu takardar mallakar fasaharsa ran 7 ga Maris, 1876, aka kafa Bell Telephone Company a watan Yuli, 1877, da kaso 5,000. Rabon Bell 1,497 ne, ya ba wa amaryarsa Mabel duka a matsayin kyautar aure, ya bar wa kansa goma kawai. Kamfanin ya yi ta sauya suna cikin gaggawa: National Bell a 1879, American Bell a 1880. A 1885 aka kafa American Telephone and Telegraph domin kula da layukan nesa, a ƙarshen 1899 kuma ɗa ya zama uba, ya mallaki dukkan gidan. Wannan sauye-sauye yana da muhimmanci ga mai tarawa, domin duk lokacin da aka sake suna akan karɓe tsofaffin takardu a ba da sababbi. Sunan da ya yi shekara ɗaya tak, kamar National Bell, takardunsa ba su da yawa. Na American Telephone and Telegraph na tsakiyar ƙarni na ashirin kuwa, lokacin da masu hannun jarinsa suka haura miliyan, suna nan birjik, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ake sayen su.

Da wa'adin mallakar Bell ya ƙare a 1893 da 1894, sai dubban ƙananan kamfanoni suka ɓullo a garuruwa da ƙauyukan Amurka. Wasu na manoma ne da suka yi karo-karo suka kafa turaku da hannunsu, wani lokaci ma suka yi amfani da wayar shingen gona. Takardunsu ba su da ado. Sau da yawa fom ne da aka sayo daga shagon kayan rubutu, aka cike sunan kamfanin da alƙalami. A kasuwa ba su da tsada, amma a wajen mai nazarin zaman jama'a sun fi na manyan kamfanoni faɗin gaskiya, domin a jikinsu ake ganin sunan likitan gari da mai kanti da bazawarar da ta sayi kaso guda.

Abin da ke sa takarda daraja

Masu harkar sukan dubi shekarun takarda, da ƙarancinta, da lafiyar jikinta, da kyan zanenta, da wanda ya sa mata hannu. Daga cikin waɗannan, sa hannu shi ne yake ɗaga farashi sama da kome, shi ne kuma ƙofar da 'yan damfara suka fi shigowa ta ciki. Takardar da Jay Gould ya sa wa hannu, mutumin da ya kafa American Union Telegraph a 1879 ya kuma ƙwace ragamar Western Union a 1881, ba za a haɗa ta da wadda wani ma'aji da ba a san shi ba ya sa wa hannu ba. Sai dai dole a rarrabe tsakanin sa hannun tawada da wanda maɗaba'a ta buga tare da takardar, abin da ya zama ruwan dare a ƙarni na ashirin.

Zanen kuwa ba don ƙawa kaɗai aka yi shi ba. Maɗaba'u irin su American Bank Note Company, wadda aka kafa a 1858, suna sassaƙa hoto a kan farantin ƙarfe kamar yadda ake yi wa takardar kuɗi, ta yadda tawada takan ɗan taso, yatsa ya ji ta. Wannan shi ne maganin masu buga jabu, shi ne kuma abin da mai saye yake fara shafawa a yau. A kan takardun waya akan ga turaku a gefen hanyar jirgin ƙasa, ko jirgin ruwa yana zubar da waya, ko mace riƙe da walƙiya, ko gaggafa. Takardun Amurka da aka bayar tsakanin 1862 da 1872 sukan zo da kan sarkin haraji a manne, harajin da aka ɗora saboda yaƙin basasa, wannan kuma yana taimakawa wajen tabbatar da shekarunsu. Hudar da ake gani a kan sa hannu alama ce cewa kamfani ya karɓi takardar ya soke ta. Masu tarawa sun fi son wadda aka bayar aka rubuta sunan mai ita a kan wadda ta rage a littafi ba a cike ba.

Wani abin lura shi ne, kyan takarda ba ya nuna gaskiyar kamfani. Hasali ma, kamfanin da ba shi da abin nunawa shi ya fi buƙatar takarda mai ƙyalli. United Wireless Telegraph Company, mai harkar wayar iska, ya sayar wa dubban talakawan Amurka hannun jari a farashin da shugabanninsa suka ƙaga, har aka kama su a 1910, aka ɗaure shugabansu Christopher Columbus Wilson a 1911 saboda zamba ta hanyar gidan waya. Kamfanin Pan-Electric kuma ya jawo abin kunya a 1885 da 1886, da aka gano babban lauyan gwamnatin Amurka, Augustus Garland, yana da hannun jari mai yawa a cikinsa a daidai lokacin da ma'aikatarsa take shirin ƙalubalantar mallakar Bell a kotu. Takardun irin waɗannan kamfanoni suna da masu nema a yau, saboda abin kunyar ne ma ake neman su.

Ƙarancin takarda kuma ba abin dogara ba ne har abada. Wani lokaci akan buɗe rumbun ajiyar wani banki ko maɗaba'a a tarar da dubbai na abin da ake zaton guda biyar ne suka rage a duniya. Haka ta faru a Jamus, inda daga 2003 aka fara gwanjon miliyoyin tsofaffin takardun da suka yi shekaru a taskar tsohon babban bankin ƙasar a Barlin, farashin da yawa daga cikin takardun Jamus ya karye. Wanda ya shiga wannan harka da niyyar juya kuɗi yana iya wayar gari da tsumma a hannu. Wanda ya shiga don tarihi bai yi asarar kome ba. Takardar hannun jari mafi daɗewa da aka sani, ta kamfanin Holan mai ciniki da gabashin Indiya, mai ɗauke da shekarar 1606, wani ɗalibin tarihi ne ya ci karo da ita a 2010 a ɗakin ajiyar takardu na garin Hoorn, yana cikin binciken kundin digirinsa.

Sabuwar takarda dai ta kusa daina fitowa. A 1968 tarin takardu ya yi wa kasuwar hannun jari ta Niyu Yok yawa har aka riƙa rufe ta ran Laraba domin akawuna su cim ma aiki, abin da ya kai ga kafa ma'ajiya guda a 1973 inda ake sauya mallaka a rubuce ba tare da takarda ta motsa ba. Nijeriya ta kafa irin wannan tsari a 1997. Duk da haka akwai gidaje da yawa a Kano da Kaduna da Zariya inda takardun da iyaye suka saya a lokacin dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suke kwance a ƙasan akwati. Waɗannan ba a hanzarta ɗaukar su a matsayin kayan tarihi, domin idan ba a huda su ba, kamfanin kuma yana raye ko wani ya gaje shi, to, dukiya ce ta magada, kuma wurin magatakardan kamfanin ya kamata a fara kai su.