Shiri na Musamman: Abin da Matsakaicin Maki Yake Ɓoyewa

Shirin na yau zai duba yadda ake taƙaita alƙaluman karatu a makarantun ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada da ke Jihar Katsina.

A ƙarshen kowane zangon karatu, malamin aji yakan tara makin ɗalibansa ya raba jimillar da yawansu, abin da ya fito kuwa shi ake kira matsakaici, kuma shi ne adadin da shugaban makaranta da iyaye suka fi dubawa. Sai dai matsakaici kaɗai yana iya yaudarar mai dubawa. A ɗauka yara biyar sun ci maki 20, 25, 30, 30 da 95, a jarrabawar da ake haye ta da maki 40. Jimillar makinsu 200 ce, matsakaicinsu 40, wanda zai sa a zaci ajin ya haye, alhali huɗu daga cikinsu sun faɗi, hazikin yaro ɗaya ne ya ɗaga lissafin.

Saboda haka masana ƙididdiga suke haɗa shi da wasu ma'aunai uku. Na farko shi ne ɗan tsakiya, wato makin da ya faɗo a tsakiya idan aka jera su daga ƙarami zuwa babba, wanda a nan 30 ne. Na biyu shi ne makin da ya fi maimaituwa, shi ma 30. Na uku kuma tazara, wato bambancin da ke tsakanin mafi girma da mafi ƙanƙanta, wadda ta kai 75, alamar cewa ajin ya rabu gida biyu.

Haka lamarin yake a alƙaluman da ofisoshin sakatarorin ilimi na Kankiya da Kusada suke miƙa wa Hukumar Ilimin Bai Ɗaya ta Jiha. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma idan aka gwama makarantun cikin gari da na ƙauyuka a lissafi guda, makarantar da malamai suka yi wa ƙaranci takan ɓace a cikin matsakaicin, kamar yadda matsakaicin halarta na shekara yake rufe raguwar yara a lokacin shuka da girbi.

Duk wanda aka nuna wa matsakaici, ya dace ya tambayi ɗan tsakiya da tazara kafin ya yanke hukunci a kan aji ko makaranta.