Bishiyoyi a cikin gari: darasin da katangar itatuwa ta Yamai ke koyarwa

A ranar 3 ga Afrilun 2024, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Mazauna Yamai, Injamena da Marwa ma sun san irin wannan bazara, inda ko dare ya yi ɗaki ba ya shiguwa.

Cikin gari ya fi karkara zafi saboda kwalta, siminti da rufin kwano suna shan rana duk yini, sannan su riƙa fitar da zafin da dare. Bishiya tana rage wannan ta hanya biyu. Inuwarta tana hana rana dukan ƙasa da bango, kuma ganyenta yana fitar da ruwan da saiwa ta zuƙo, wanda ke sanyaya iska kamar yadda randa ke sanyaya ruwa.

Hukumomin Nijar sun fara kafa katangar itatuwa a gefen Yamai tun 1965, wadda ake kira "ceinture verte" da Faransanci. An tsara ta kan kimanin hekta 2,500, kuma akasarin abin da aka dasa dogon yaro ne, wanda wasu ke kira bedi. Manufar ita ce kare birnin daga iska mai ƙura da rairayi. Amma da gari ya bunƙasa, an yanka filaye a cikinta, an yi gine-gine, an sare itatuwa don girki, wasu wuraren kuma sun koma juji.

Wannan ya nuna cewa dasawa kaɗai ba ta isa ba. Nijar tana bikin dashen itatuwa kowace ranar 3 ga Agusta, amma dashen da ba a killace shi daga awaki ba, ba a kuma ba shi ruwa a ranin farko ba, da wuya ya rayu.

Wurin da aka dasa ma yana da muhimmanci, domin sanyin bishiya ba ya nisa da gindinta. Birnin Medellín na Kolombiya ya shigar da tsirrai cikin gari ne daga 2016, a gefen tituna 18 da magudanan ruwa 12, kuma hukumomin birnin sun ce zafi ya ragu da kimanin digiri 2.

Medellín na samun ruwan sama sosai, don haka a Sahel dole a zaɓi iri mai jure fari. Kuka tana kaɗe ganye da rani, lokacin da aka fi buƙatar inuwa, alhali tsamiya da dogon yaro suna riƙe yawancin nasu. A unguwa, ruwan alwala da na wanke hatsi ya isa ya raya dashe ɗaya a ƙofar gida, harabar makaranta ko bakin kasuwa.